Yadda Ake Shirya Fim Mai Zaman Kansa Kan Balaga da Ƙwallon Matasa a Karkara

Wanda ya yi niyyar shirya fim a kan matasan karkara masu buga ƙwallon ƙafa, kuma yana son ya taɓo abin da ke faruwa a jikinsu da zuciyarsu lokacin balaga, ya kamata ya sani tun farko cewa ƙwallo tana da wuyar ɗauka a kyamara fiye da yadda mai kallonta a talabijin yake zato, batun sha'awa da jinsi kuma mutane ba su son a furta shi a fili, balle a ce yara ne a tsakiyarsa. Idan aka ƙara da cewa fim ɗin mai zaman kansa ne, wato babu wani babban kamfani da ya tsaya masa da kuɗi ko lauyoyi, to duk kuskuren da aka yi a kan darakta da furodusa zai sauka, kuma mafi muni, a kan yaran da suka yarda suka tsaya gaban kyamara.

Aikin yana farawa ne tun kafin a rubuta kalma ɗaya. Marubuci ya je garin da yake son labarin ya faru, ya zauna na makonni, yana zuwa filin atisaye kullum ba tare da kyamara ba. Abin da zai sa wa ido shi ne wanda ke zaɓar 'yan wasa, da wanda ake bari a benci, da irin tsokanar da ake yi wa wanda muryarsa ba ta buɗe ba tukuna, da yadda hira take mutuwa idan babba ya matso. A ƙaramin gari kowa ya san kowa, koci yana iya zama malamin makarantar yaron ko ɗan'uwan mahaifinsa, saboda haka sirri ba ya da wurin ɓuya, kuma wannan matsin shi ne ya bambanta labarin karkara da na birni. Duk abin da marubuci ya ji a wannan zama, kada ya ɗauki rayuwar yaro guda ya mayar da ita labari, domin sauya suna ba ya ɓoye mutum a garin da ƙungiyar ƙwallo ɗaya ce tak. Sai dai ya haɗa halayen mutane da yawa, daga wurare dabam-dabam, ya gina mutum ɗaya wanda ba za a iya nuna shi da yatsa ba.

Daga nan sai a zaɓi tambaya ɗaya. Batun sha'awa a shekarun balaga yana da faɗi: akwai soyayyar farko da kunyar da ke tattare da ita, akwai sauyin jiki, akwai jita-jitar da ke iya raba yaro da abokansa cikin yini guda, akwai yarinyar da aka ce ta daina buga ƙwallo saboda ta girma, akwai yaron da ya lura cewa abin da yake ji a ransa ya saɓa wa na sa'o'insa, akwai kuma babban da ke amfani da matsayinsa yana lalata da yaran da aka ba shi amana. Sabon marubuci yakan so ya cusa duka a fim guda, sai labarin ya zama kamar rahoton ƙungiyar agaji. A ƙa'idar masu sana'ar, shafi ɗaya na rubutun fim yana ɗaukar kusan minti ɗaya a allo, don haka shafi 90 shi ne fim na awa ɗaya da rabi, kuma wannan ba ya isa a bi tambayoyi biyar zuwa ƙarshensu.

Karanta abin da ya faru da gaske a duniyar ƙwallo yana taimaka wa marubuci ya gane inda nauyin yake. A Ingila, Justin Fashanu ya bayyana a 1990 cewa jinsinsa yake sha'awa, ya fuskanci tsangwama mai tsanani, ya kashe kansa a 1998. Thomas Hitzlsperger na Jamus bai yi irin wannan bayani ba sai a 2014, bayan ya daina wasa. An shafe fiye da shekara talatin bayan Fashanu kafin wani ƙwararren ɗan ƙwallo namiji mai wasa a Ingila ya sake yin haka, wato Jake Daniels na Blackpool a 2022, yana ɗan shekara 17. A ɗaya ɓangaren kuma, a Nuwamban 2016 tsohon ɗan wasa Andy Woodward ya faɗa wa jaridar Guardian yadda kocinsa ya yi lalata da shi yana yaro, ɗaruruwan mutane suka biyo bayansa da nasu labaran, har aka kai ga rahoton Sheldon na 2021, wanda ya duba shekarun 1970 zuwa 2005 ya kuma sami hukumar ƙwallon Ingila da sakaci. Batutuwan biyu ba ɗaya ba ne, kuma kuskure ne babba a cakuɗa su a labari, amma suna nuna abu guda da mai shirya fim yake buƙata: a cikin ƙungiyar ƙwallo, abin da ba a faɗa ba yana iya zama a ƙirjin mutum shekara da shekaru. Wannan shirun shi ne ainihin abin da za a ɗauka, filin wasa kuma shi ne wurin da jiki yake faɗar abin da baki ya kasa.

A ɗauki misali. Mai tsaron gida ɗan shekara 16 ya ji cewa an fara raɗe-raɗi a kansa. Marubuci mai gaggawa zai zaunar da shi gaban abokinsa ya yi dogon jawabi. Wanda ya zauna a bakin fili kuwa ya san cewa abin ba haka yake fitowa ba: ɗan bayan da ya saba mayar masa da ƙwallo sai ya daina, ya gwammace ya doka ta waje, an ci wasa, kowa ya ruga ya rungumi kowa, shi kaɗai aka bari a raga, robar ruwan da ake zagayawa da ita ta tsallake shi. Mai kallo zai fahimci komai ba tare da an furta kalma ɗaya ba, kuma yaron da ke taka rawar bai faɗi abin da za a yanke a yaɗa a kafafen sada zumunta ana yi masa dariya ba.

Kafin a nemi 'yan wasa, a kai rubutun wurin lauyan da ya san dokokin ƙasar da za a yi aikin. Dokoki sun bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa a kan abin da aka halatta a nuna, da shekarun da yaro zai iya aiki, da sa'o'in da zai yi, kuma akwai ƙasashen da wasu daga cikin batutuwan da aka ambata laifi ne a dokarsu, har mai fitowa a fim yana iya shiga haɗari. Inda akwai hukumar tace fina-finai, a san sharuɗɗanta tun ana rubutu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai iyaka guda da ba ta sauyawa ko'ina. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, ƙarin yarjejeniyar da aka yi mata a 2000 kuma ta haramta nuna yaro a cikin aikin jima'i, na gaske ne ko na kwaikwayo. Saboda haka babu tsiraici, babu kwaikwayon jima'i, babu wani hoto da zai sa a kalli jikin yaro da idon sha'awa, ko da iyayensa sun sa hannu, ko da darakta yana ganin fasaha ce ta buƙaci hakan.

Zaɓen masu fitowa yana da nasa ruɗani, kuma abin dariya ne cewa kalma ɗaya ce, ɗan wasa, take nufin mai buga ƙwallo da mai fitowa a fim, alhali da wuya a sami mutum guda da ya iya duka biyun. A ganina ya fi sauƙi a koya wa mai buga ƙwallo tsayuwa gaban kyamara, a kan a koya wa jarumin fim tare ƙwallo da ƙirji, domin mai kallon da ya san wasa yana gane wanda bai iya ba tun daga taɓawar farko. Don haka a cika ƙungiyar da matasan da ke buga ƙwallo da gaske. Amma rawar da ke ɗauke da batu mai nauyi, ita kam a ba wanda ya haura shekara 18 kuma fuskarsa take da ƙuruciya, sannan ya kasance daga wani wuri dabam, ba daga garin da ake ɗaukar fim ɗin ba. Dalilin a bayyane yake: baƙo raɓa ne, ma'aikatan fim za su naɗe kayansu su tafi, yaron garin kuwa zai ci gaba da zama da mutanen da ba lallai su bambanta shi da rawar da ya taka ba, kuma sunan da aka laƙaba masa yana iya binsa har girmansa.

Neman izini ya wuce miƙa takarda a sa hannu. A zauna da iyaye ko masu riƙon kowane yaro, a ba su labarin gaba ɗayansa cikin harshen da suke ji, har da fitowar da ɗansu ba ya ciki, domin sunansa zai fito a fim ɗin duka. Wasu furodusoshi sukan ce wa gari fim ne na ƙwallo kawai, su ɓoye sauran, saboda tsoron kada a hana su. Wannan yaudara ce, kuma takan fito fili a lokacin da gyara ya riga ya gagara. A nemi yardar yaron shi kansa, a keɓe, a gaban wani babba da ya amince da shi, a kuma rubuta a yarjejeniya cewa yana da ikon ya ce ba zai yi wata fitowa ba, ba tare da an rage masa kuɗi ba. Shugabannin gari da na makaranta da na ƙungiyar su ma a same su tun da wuri, amma yardarsu ba ta maye gurbin ta iyaye.

A lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, a naɗa mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai kula da lafiya da mutuncin yara, kuma kada ya kasance ƙarƙashin darakta ta yadda zai ji nauyin tsayar da aiki. Kada wani babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, a mota ne ko a ɗaki, kada kuma ya riƙa tura masa saƙo a waya ba da sanin iyaye ba. Wurin sauya kaya ya zama a rufe, babu kyamara, babu wayar kowa. Hukumar FIFA ta fitar da shirin kare yara mai suna FIFA Guardians a 2019, kuma ƙa'idojinsa suna da amfani ga mai shirya fim, tunda yanayin iri ɗaya ne: manya masu iko, da yara masu burin a zaɓe su. Ga fitowar da ta shafi kusantar juna tsakanin 'yan wasan da suka haura shekara 18, masana'antar fim ta samar da wani ma'aikaci na musamman mai tsara irin wannan fitowa, wanda ke tattaunawa da kowa a kan iyakarsa kafin a kunna kyamara. Tashar HBO ta Amurka ta mayar da hakan ƙa'ida a 2018, ƙungiyar 'yan wasan fim ta SAG-AFTRA kuma ta fitar da nata tsarin a 2020. Ƙaramin fim ba lallai ya iya biyan irin wannan ƙwararre ba, amma yana iya bin hanyarsa: a tsara kowane motsi tun a gwaji, a rubuta shi, a rage mutanen da ke wurin, kuma kada darakta ya ƙirƙiro sabon abu ana cikin ɗauka.

Inda aka ajiye kyamara ma hukunci ne. Kyamarar da ke tsaye daidai tsayin idon yaro tana kallon duniya tare da shi, wadda take bin jikinsa daga ƙasa zuwa sama kuwa tana kallonsa ne, kuma mai ɗaukar hoto ya san bambancin ko da ya musa. A fitowar da ta shafi sha'awa, a tsaya a kan fuska, da hannu, da tazarar da ke tsakanin mutum biyu a kan benci. Idan labarin cin zarafi ne, ƙofar da aka rufe da yaron da ya ƙi zuwa atisaye washegari sun wadatar.

Ɗaukar wasan ƙwallon kansa shi ne inda ƙananan fina-finai suka fi faɗuwa. Ba a sakin yara 22 a fili a ce su buga, ana fatan abin da ke rubuce zai faru. Ana tsara wasan ne gunduwa-gunduwa, kowace ba ta wuce daƙiƙa goma zuwa ashirin ba, tare da koci na gaske wanda zai zana motsin a takarda ya kuma maimaita shi da yaran kwanaki kafin ɗauka. Kyamarori su tsaya a gefe guda na filin, kamar yadda ake yi a talabijin, domin idan aka tsallaka zuwa ɗaya gefen, ƙungiyar da ke kai hari zuwa dama za ta koma tana kai shi zuwa hagu, mai kallo ya rikice. Masu sana'ar suna kiran wannan dokar digiri 180. Kyamara biyu sun fi ɗaya nesa ba kusa ba: ɗaya ta ɗauki fili da faɗi, ɗaya ta bi fuskar wanda labarin yake kansa, ko da ƙwallo ba ta wurinsa. Fim yana tafiya ne a kan hoto 24 a daƙiƙa, wanda yake son ya sassauta motsi kuma sai ya ɗauka a 60 ko 120, amma a yi hattara, domin yawan sassautawa yana mayar da wasan ƙauye tallar takalmi. Bayan an gama abin da aka tsara, a bar yaran su buga na gaske na minti ashirin, kyamarori suna aiki. Daga nan ake samun faɗuwa, da gardama da alƙalin wasa, da haki, abubuwan da ba sa kwaikwayuwa.

Wasa guda a fim yana iya cin kwana biyu ko uku ana ɗauka, rana kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya, don haka a riƙa rubuta lokacin da aka ɗauki kowane yanki da inda inuwa take, da wanda rigarsa ta yi datti, da wanda ya sauke safarsa. 'Yan kallo suna gajiya su watse, saboda haka a fara ɗaukar duk abin da ke buƙatar taro, sannan a koma kan fuskoki. A dokar wasa tsawon fili yana tsakanin mita 90 da 120, raga kuma mita 7.32 a faɗi, amma filin karkara sau da yawa bai san da wannan ba, kuma kada a gyara shi. Tudun da ke tsakiya da ragar da ba ta da koma suna cikin labarin. Abin da ya kamata a sauya shi ne riguna: jesin manyan ƙungiyoyi yana ɗauke da tambura masu rajista, waɗanda kan iya jawo matsala lokacin sayar da fim, don haka a ɗinka wa ƙungiyar nata, kowace riga biyu ko uku iri ɗaya. A tanadi mai ba da agajin gaggawa, da ruwa, da hutu, domin yaron da aka sa ya maimaita gudu sau goma sha biyar ya fi wanda ke wasan gaske kusa da jin rauni.

Sauti yakan kashe fim kafin hoto ya kashe shi. A buɗaɗɗen fili iska ce babbar abokiyar gaba, don haka makirufo yana buƙatar rigar kare iska, masu magana kuma a maƙala musu ƙaramin makirufo marar waya a ƙarƙashin riga, kuma mai kula da yara ya kasance a wurin lokacin da ake maƙalawa. Ƙarar dukan ƙwallo, da usur, da ihun 'yan kallo, a ɗauke su daban a lokacin da babu magana. A kowane wuri a naɗi minti guda na shirun wurin, wanda edita zai yi amfani da shi wajen cike giɓi. Janareta kuma a kai shi nesa da dogon waya. Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka zuwa ma'ajiya uku, ɗaya ta kwana a wani gida dabam, kuma tunda hotunan yara ne, mutum biyu ko uku kaɗai za su iya buɗe su.

Batun kuɗi ba shi da wata dabara ta ɓoye. Akwai asusun da ke tallafa wa fina-finai daga ƙasashen da masana'antarsu ba ta da ƙarfi, kamar asusun Hubert Bals na bikin fina-finai na Rotterdam, da World Cinema Fund da bikin Berlin ya kafa a 2004, kuma sukan nemi rubutun labari, da bayanin manufar darakta, da kasafi. Gajeren fim na minti goma a kan labarin yana buɗe ƙofa fiye da dogon bayani. A ware kashi goma cikin ɗari na kasafin don abin da ba a zata ba, a kuma biya duk wanda ya yi aiki, har da masu filin da masu zaman kallo.

Idan edita ya haɗa fim, masu fara ganinsa su ne 'yan wasan da iyayensu, a ɗaki a rufe, tun ana iya cire abu. Wani lokaci fitowar da darakta ya fi ƙauna ita ce za a ce a cire, kuma idan yaro ne ya nema saboda tsoron abin da zai biyo baya, a cire ta. Tallar fim da fosta suna buƙatar kulawa fiye da fim ɗin kansa, domin su ne ke yawo su kaɗai ba tare da labarin da ke bayyana su ba, kuma mutane da yawa ba za su ga komai ba sai su. Kada a sa fuskar wanda bai kai 18 ba kusa da kalmomin da ke nuni da batun sha'awa.

Bukukuwan fina-finai da yawa suna sharaɗin cewa su ne za su fara nuna fim, saboda haka wanda ya ɗora nasa a YouTube tun farko ya rufe wa kansa ƙofofi. Bikin Berlin yana da sashe mai suna Generation don fina-finan yara da matasa, an raba shi gida biyu, Kplus na yara da 14plus na masu shekara 14 zuwa sama, kuma irin wannan labari a na biyun ya fi dacewa. Bukukuwa da yawa suna karɓar fim ta dandalin intanet mai suna FilmFreeway, kuma za su buƙaci fassarar magana a ƙasan allo, gidajen silima kuma kwafi a tsarin DCP, wato irin fayil ɗin da injin haska fim na silima yake karantawa. Nuna fim ɗin a garin da aka ɗauke shi abu ne da za a yanke shawararsa tare da masu fitowa, ba alkawarin da za a yi tun ranar farko ba, domin akwai lokacin da yin hakan zai jefa wani cikin matsala. Mai kula da yaran kuma kada aikinsa ya ƙare ranar da aka naɗe kyamara: a sa albashinsa a kasafi har zuwa watanni bayan fitar fim, kowane yaro da iyayensa su riƙe lambarsa, shi kuma ya riƙa duba abin da ake rubutawa a ƙarƙashin tallar fim ɗin, ya rufe wurin sharhi idan an fara ambaton sunayen yaran.